Bori ne ko ba bori ba? Rigimar sharar kaburbura a Sin

Alhajin Kwari: Jama'a, ku ji abin haushi. Kayana sun maƙale a Guangzhou, wai ma'aikata sun tafi ƙauye bikin Qingming, sharar kaburburan kakanni. Mai masana'antar har hoto ya turo min: yana ƙona kuɗin takarda wai kakansa ya kashe a lahira, ga dafaffiyar kaza a gaban kabari. Ba an ce Mao, tsohon shugabansu na kwaminisanci, ya raba su da wannan bori ba? To gwamnati ta sha kashi.

Ɗalibin Beijing: Alhaji, ba bori ba ne. Bori hawan iska ne, wannan girmama iyaye ne. Gwamnatin ce ma da kanta ta mai da ranar hutu a 2008.

Malam na Zaure: Yaro, wanda ya ajiye wa matacce kaza, me za a kira shi?

Ɗalibin Beijing: Allah gafarta Malam, ban ce daidai ne ba, kalmar nake gyarawa. A 1966 matasan Mao sun tone makabartar gidan Confucius, babban malaminsu na zamanin da, a garin Qufu, yau ga jama'a na tururuwa can.

Hajiya Mai Leshi: Ƙanena, a Fujian da idona na ga wani iska ta hau shi a bikin gunki, ya huda kumatu da ƙarfe ana ta buga masa ganga. In wannan ba bori ba ne, garaya kawai ya rasa.

Ɗalibin Beijing: Hajiya, wancan daban, Qingming daban.

Alhajin Kwari: Ku rabu da shi, mutanen Sin ke biya masa kuɗin makaranta. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ɗalibin Beijing: Ku da kuke kai musu dala duk wata fa?

Ɗan Maraɗi: Ba ku maganar Musulmin yankin Xinjiang na Sin sai kaza?

Hajiya Mai Leshi: Alhaji, tunda ka fito, ina cikon kuɗin kwantenar bara?

Alhajin Kwari: Hajiya, ba nan ne wurinsa ba.

Shugaban zaure: To ya isa. Abin da aka tsayar: manya uku da suka san duniya sun ce bori ne, yaro ɗaya ya ƙi, sai kawo shekaru yake kamar mai jarrabawa. Maganar Alhaji ta tabbata. Hajiya, batun ciko ki yi haƙuri, surukina ne, na san zai biya.