Shin Diesel, karyar 'yan sandan Faransa, ta cancanci a kira ta jaruma?

Mai buɗe muhawara: Assalamu alaikum. A ranar 18 ga Nuwamba 2015, kwana biyar bayan hare-haren da suka hallaka mutum 130 a Paris, rundunar 'yan sanda ta musamman mai suna RAID ta kai samame wani gida a Saint-Denis da ke arewacin Paris, inda Abdelhamid Abaaoud, wanda ake zargi da shirya hare-haren, ya ɓuya. An tura wata karya mai suna Diesel, 'yar shekara 7, ta duba ɗakunan kafin jami'ai su kutsa, kuma ba ta fito da rai ba. Daga baya ƙungiyar kula da dabbobi ta PDSA da ke Birtaniya ta ba ta lambar yabo ta Dickin, wadda ake bai wa dabbobin da suka nuna bajinta. A ganina kiran ta jaruma wuce gona da iri ne, domin jarumi shi ne wanda ya san haɗari ya kuma zaɓi ya tunkare shi, ita kuwa umarni kawai ta bi.

Tsohon ɗan sanda: Wa alaikumus salam, ɗana. Idan bin umarni yana soke jarumta, to kurtun da aka ce ya shiga gaba shi ma ba shi da ita. Na yi aiki tare da masu riƙe da karnuka, na ga yadda kare yake tsayawa a bakin ƙofa jikinsa yana rawa, kunnuwansa a kwance, yana waiwayen mai shi, sannan ya shiga duk da haka. Tsoro ya san shi sarai. Ƙofar da Diesel ta shiga, da ba ita ba, ɗan wani ne za a tura, kuma saura 'yan watanni a sallame ta daga aiki.

Malamar makaranta: Baba, ban raina aikinta ba, amma abin da ya tsaya mini a rai daban ne. A wannan ranar ce aka tayar da bama-bamai a kasuwar wayoyi ta Farm Centre da ke Kano, kwana ɗaya bayan wani bam ya kashe sama da mutum 30 a Yola. Duniya ta cika da alhinin karya, har Rasha ta aika wa Faransa ɗan kwikwiyo mai suna Dobrynya don ya maye gurbinta, mu kuwa mamatanmu ko sunayensu ba a ambata ba.

Tsohon ɗan sanda: Allah ya jiƙansu, Malama, wannan ciwo ne da ya shafe mu duka. Sai dai laifin yana wuyan kafafen yaɗa labarai da mu kanmu da ba mu rubuta sunayen namu ba.

Malamin Islamiyya: Addini bai hana a yaba wa dabba mai amfani ba. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, kuma hadisi ya tabbata cewa an gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a daidaita ranta da na ɗan Adam.

Mai buɗe muhawara: Na karɓi wannan, Allah gafarta Malam, amma akwai abin da masu yabo ba sa son a taɓo. Masu bincike sun tarar da ƙaramar bindiga guda ɗaya a gidan, alhali 'yan sanda sun harba harsasai sama da 1,000, kuma shugaban rundunar na lokacin, Jean-Michel Fauvergue, ya yarda cewa mai yiwuwa harsashin jami'ansa ne ya kashe ta. Ina jin tsoron lambar yabon ta rufe tambayar da ya kamata a yi game da yadda aka tsara samamen.

Tsohon ɗan sanda: Wannan tambayar a yi ta, kuma a yi ta ga shugabannin da suka tsara aikin. Amma ko harsashin wa ya same ta, a cikin ɗakin da aka tura ta ya same ta, tana kan aikin da ta yi shekaru tana yi, don haka ni ba zan janye kalmar ba.