Saniya ta kwanta bayan allurar Pen-Strep, daga maganin ne?

Makiyayin Kumo:
Assalamu alaikum. Likitoci, a taimaka. Saniya ce da kwana 2 da haihuwa, mahaifa ta fara wari, aka yi mata Pen-Strep a tsoka da gentamicin a jijiyar jini. Ba a yi awa ɗaya ba ƙafafunta suka saki, tana numfashi sama-sama. Maganin kashe ƙwayoyin cuta yana shanye dabba ne?

Dakta daga Azare:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ƙwarai kuwa. Gentamicin, neomycin, kanamycin da streptomycin ɗin da ke cikin Pen-Strep duk dangi ɗaya ne. Jijiyar da ke kai saƙo ba ta iya motsa tsoka sai kalsiyam ya shiga bakinta, su kuma waɗannan magunguna hanyar suke tare masa. Saniya mai jego dama kalsiyam ɗin jininta ya zube cikin dakashi, ga shi an haɗa mata biyu daga gida ɗaya. Ƙafa ba ita ce abin tsoro ba, tsokar numfashi ce.

A dakatar da allurorin yanzu. A kira likita ya sa mata calcium borogluconate, wato ruwan kalsiyam, a jijiyar jini, a ɗan ɗumama kwalbar, ya shiga a hankali cikin minti 10 zuwa 20 ana sauraren zuciya, domin gaggawa tana iya tsayar da ita. A tokare ta da buhunan ƙaiƙayi ta zauna a kan ƙirji, kada ta kwanta a gefe ciki ya kumbura. Kada a ɗura mata komai ta baki, zai iya faɗawa huhu.

Malamin dabbobi, Alkaleri:
Dakta ya gama magana. Ƙari kawai, Pen-Strep da aka saba gani mil 1 ne ga kilo 25, a tsoka kaɗai. Saniya mai kilo 250 mil 10 ke nan, ba sirinji biyu cike ba. Oxytetracycline ma idan aka tura shi jijiya da sauri yana kama kalsiyam, dabba ta faɗi nan take.

Mai kaji, Gombe:
Masu kaji su ma su kula. Tiamulin da ake ba su don mura ba ya haɗuwa da monensin ko salinomycin da ke cikin wasu abincin kaji. Ƙafa tana shanyewa, kuma wannan lalacewar tsoka ce, kalsiyam ba ya tayar da su. A duba takardar buhu, a bar tazarar kwana 7 kafin da bayan ba da tiamulin.