Hankici ko tishu? A raba mana gardama ni da maiɗakina

Baban Ummi, Unguwar Rogo:

Assalamu alaikum jama'a. Yau kwana huɗu ke nan ana kai ruwa rana a gidana kan abin da bai taka kara ya karya ba, shi ne na ce bari in kawo ƙara nan.

Duk mazaunin Jos ya san yadda Disamba da Janairu suke. Gari ne a kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, sanyin asuba kamar ana yanka maka kunne da reza. Ni malamin firamare ne, kullum ƙarfe bakwai ina cikin keke zuwa Farin Gada, iska da ƙura na dukan fuska, in na shiga aji kuma ga ƙurar alli. Mura ba ta ɗaga mini ƙafa a wannan lokaci.

Ni da hankici na tashi. Marigayi mahaifina ya yi aikin kuza a Bukuru, ban taɓa ganin ya fita ba tare da farin hankici biyu ba, ɗaya a aljihun gaba na goge fuska, ɗaya a aljihun gefe na hanci. Ranar Alhamis Inna za ta tafasa su, ta shanya, ta bi su da dutsen guga na gawayi. Har yau in na ji ƙanshin auduga mai ɗumi shi nake tunawa.

To, satin da ya wuce Maman Ummi ta zaro hankicina daga aljihun kaftani ya bushe ƙamas da majina. Ta ce wallahi ba za ta ƙara wanke wannan ƙazanta ba, kuma ni nake rarraba wa yara mura. Ta sayo tishu ta dire mini. Na gwada kwana uku. Ina fyace hanci sau ɗaya ya yage, bakin hancina ya saɓule yana zafi, ranar Talata kuma na shiga aji da fararen ɓurɓushi a gemu, 'yan aji biyar suna ta ƙunshe dariya. Wanda na manta a aljihu aka jiƙa shi da shaddata mai ruwan toka, kada ku so ku ga yadda ta koma. Ga kuɗi, tunda yaran sun mai da shi abin wasa. Wa ya fi gaskiya tsakaninmu?

Anti Nas, Rikkos:

Wa alaikumus salam. Malam, ka yi haƙuri, a kan mura dai Maman Ummi ta fi ka gaskiya. Ƙwayar cutar mura tana iya yin sa'o'i da ranta a hannu da jikin kaya. Ka fyace, ka ninke, ka mayar aljihu, bayan minti goma ka sake zarowa da hannun da za ka riƙe alli, ka gaisa da mutane, ka ɗauki Ummi. Shi ya sa a 2020, lokacin korona, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta riƙa cewa a rufe baki da hanci da tishu a jefar nan take, in babu a yi atishawa cikin gwiwar hannu. Amma fa tishun ma ba laya ba ne. Wanda ya yi amfani da shi ya cusa a aljihu bai wanke hannu ba, da shi da mai hankici duk kanwar ja ce.

Saɓulewar hanci kuwa, ina zargin na banɗaki aka sayo maka, mai naɗi. Wannan ba don fuska aka yi shi ba. Nemi ɗan ƙaramin fakitin aljihu, ka riƙa dangwalawa maimakon gurzawa, ka shafa basilin kafin ka kwanta. Gumi da ƙura da goge fuska bayan alwala, riƙe hankicinka, ban ga laifinsa ba. Abin da Inna take yi shi ne daidai: ruwa mai zafi sosai, sabulu, rana, guga.

Mai Gyaran Famfo, Dilimi:

Anti ta faɗi nata, bari in faɗi na sana'ata. Don Allah duk wanda ya koma tishun fuska kada ya jefa shi a masai na ruwa. An yi shi ne don kada ya narke in ya jiƙe. Ku gwada, ku sa shi a kofin ruwa, ku sa na banɗaki a wani kofin, ku juya da cokali. Na banɗaki zai dagargaje, ɗayan yana nan kamar tsumma. Hunturun bara gida uku na fasa musu bututu saboda shi. Ni kam hankici nake riƙewa, babba, wanda zan iya ɗaure hanci da shi in hazo ya sauko.

Ɗalibi, Bauchi Road:

Baba, abin dariyar shi ne tun asali ba don hanci aka ƙirƙiro tishun fuska ba. Kamfanin Kimberly-Clark na Amurka ya fito da tishun Kleenex a 1924 don mata su goge man kwalliya daga fuska. Mutane ne suka riƙa fyace majina da shi, sai wajen 1930 kamfanin ya koma tallata shi a matsayin hankicin da ake yarwa. Ke nan hankicin kakanmu ya girme shi nesa ba kusa ba.

Hajiya Kaka, Gangare:

Ɗana, duk kun kewaye maganar. Yarinyar nan ba hankici ta tsana ba, wankinsa ta tsana, kuma ko ni ba zan so ba. Ku maza kuna son gadon iyayenku amma ba kwa tambayar wa ke tsugunawa gaban baho da sanyin nan.

Na raini 'ya'ya bakwai a garin nan ban san tishu ba. Tsohon zanin atamfa da ya sha wanki ya yi laushi, shi nake yankawa gida goma sha biyu, tela ya bi bakinsa. Mai mura ya ɗauki huɗu ko biyar a rana, wanda ya jiƙe a jefa a bokiti mai murfi, ba a mayar da shi aljihu, ba a ara wa wani. Da yamma a zuba tafasasshen ruwa da omo. Matsalarka, hankici guda ɗaya kake yawo da shi tun Litinin har Juma'a. Ka sayi bokiti, ka wanke abinka da hannunka, in ta ƙara magana ka zo ka same ni.

Baban Ummi, Unguwar Rogo:

Hajiya, kin ɗaure ni da jijiyata. Na karanta wa Maman Ummi amsarki, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce a gaya miki tana nan zuwa gaisuwa da goro. Mun tsaya a kan haka: a makaranta, muddin ina mura, fakitin aljihu da leda ta zuba wanda na ɓata, kamar yadda Anti ta ce. A gida kuma ƙyallayen Hajiya, wanki a wuyana. Hankicin aljihun gaba yana nan, ba mai taɓa shi.

Maigida mai famfo, na yi gwajin kofin da daddare, gaskiyarka ne. Sauran rigima ɗaya yanzu: ta ce duk zannuwanta babu tsoho a ciki, sai dai in je kasuwar Taminus in sayo mata sabo tukuna ta ba ni ɗaya.