Windows 10 ta daina samun ofdet, yaya zan yi da kwamfutocin shagona?

mai_shagon_taifin ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanku da war haka. Don Allah ina neman shawarar masu ilimin kwamfuta kan wani abu da ya daɗe yana damuna. Ina da ɗan shagon taifin da fotokwafi a Zariya, kwamfuta uku ce a ciki, biyu Dell OptiPlex 7040 na hannu, sai HP ɗaya da ta fi su tsufa, duk Windows 10 ce a kansu. Tun kafin Oktoban 2025 suke fito min da saƙo ya cika sikirin wai lokacin Windows 10 ya ƙare in koma 11, da na gwada kuma sai ta ce kwamfutar ba ta cika sharuɗɗa ba. Na tambayi mai gyaran da ke mana aiki ya ce in share kawai babu abin da zai faru, ai ga mutane nan har yau suna kan Windows 7 suna neman abincinsu.

To ni dai hankalina bai kwanta ba, saboda ba kayana kaɗai ke cikin kwamfutocin nan ba, ɗalibai na kawo furojek a filas, wasu su shiga imel ɗinsu, wasu a fitar musu da takardar NIN ko a duba musu sakamakon WAEC da NECO, wani ma ya ce a buɗe masa shafin bankinsa, duk amanar mutane ce a wuyana. Makon jiya wata ɗaliba ta dawo da filas ɗinta duk foldojin sun koma shotkot, babi huɗu na furojek ɗinta babu ko ɗaya da ke buɗewa, ta zauna kan benci tana share hawaye da gefen hijabi ta ce a shagona ta kwaso, wallahi ban iya musa mata ba don ni ma ban sani ba.

Shin dole sai na sayi sababbi? Kuɗin babu gaskiya, ga man janareta ga kuɗin haya. Wani kuma ya ce min in sa Linux, ni ban taɓa ganinta da idona ba. Don Allah a taimaka.

injiniya_na_birni ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Farko dai maganar filas ɗin yarinyar nan, ka kira ta yau kar ta yi fomatin, akasari irin wannan bairos ɗin ba ya goge fayil, ɓoye su yake yi ya ajiye shotkot a madadinsu, duk wanda ya danna shotkot ɗin sai bairos ya shige kwamfutarsa. Ka sa filas ɗin a kwamfuta mai tsafta, kar ka danna komai a ciki, ka buɗe cmd, wato baƙin allon rubuta umarni na Windows, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* amma ka canza E ɗin da harafin da filas ɗin ya ɗauka a wajenka, insha Allahu za ka ga foldojinta sun dawo, sai ka goge shotkot ɗin da duk wani baƙon fayil mai ƙarewa da .vbs ko .exe. Kuma ka bi kwamfutocinka uku da cikakken sikanin, don in ɗaya ta kamu to duk filas ɗin da aka soka mata tana raba masa.

Sai maganar Windows 10. Mai gyaranka ya faɗi rabin gaskiya ne, kwamfutar ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da tashi tana aiki, abin da ya tsaya tun 14 ga Oktoba 2025 shi ne toshe ɓarakar tsaro da Microsoft ke turowa duk wata. Wato duk ƙofar da ɓarayin intanet suka gano daga yanzu a buɗe za ta zauna. In kana son ka gane nauyin abin ka tuna bairos ɗin WannaCry na watan Mayun 2017 da ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama har aka riƙa ɗage wa marasa lafiya ganin likita, alhali tun watan Maris na shekarar Microsoft ta fitar da maganin ɓarakar, mutane ne ba su yi ofdet ba. To ina ga wanda maganin ma ba zai zo masa ba gaba ɗaya.

OptiPlex 7040 firosesarta ta ƙarni na 6 ce, irin su i5-6500, lambar farkon nan ita ke nuna ƙarnin, ita kuwa Windows 11 daga ƙarni na 8 take karɓa a ɓangaren Intel, sannan tana son TPM 2.0, wato wani ɗan sashen tsaro da ke cikin kwamfuta, da ram aƙalla 4GB da wurin ajiya 64GB. Shi ya sa ta ƙi ka. Akwai masu tsallake sharuɗɗan da Rufus, manhajar sa Windows a filas, su ɗora ta da ƙarfin tsiya, tana hawa kuma tana aiki, ni ma na yi wa mutane, amma Microsoft ta faɗa ƙarara ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da ba irin wannan kwamfutar ofdet ba, don haka nake gaya wa mai ita tun kafin in fara.

Akwai kuma tsarin ESU, ƙarin wa'adin ofdet na tsaro ne, yadda aka sanar a 2025 na masu amfanin gida har zuwa 13 ga Oktoba 2026 ne, kan dala 30 ko maki 1,000 na Microsoft Rewards ko kyauta in ka haɗa saitinka da akawun ɗin Microsoft, na 'yan kasuwa da kamfanoni kuma dala 61 kowace kwamfuta a shekarar farko. Sai dai dole Windows ɗin ta zama 22H2 kuma mai lasisi na gaske, ka danna maɓallin Windows da R ka rubuta winver za ka ga wacce kake da ita. Ka ɗauke shi a matsayin lokacin tara kuɗi kawai.

malamar_ICT ta amsa:

Malam kar sunan Linux ya ba ka tsoro. Ni a makarantar da nake koyarwa tsofaffin kwamfutocinmu Linux Mint muka sa musu a madadin Windows, yaran da ba su taɓa riƙe maus ba cikin sati biyu suka saba, domin tsarinta kamar na Windows ne, menu a ƙasa ta hagu, agogo ta dama. Kyauta ce babu maganar lasisi ko kirak, wato manhajar sata da aka fasa lasisinta, kuma Mint 22 za ta ci gaba da samun ofdet har 2029, ga ta da sauƙi, in HP ɗin ta tsufa sosai ka ɗauki nau'in Xfce wanda ba ya cin ram.

Abin da na fi so da ita za ka iya gwadawa ba tare da ka taɓa Windows ɗinka ba, ka sauke ta ka sa a filas mai 8GB ka tashi kwamfutar daga filas ɗin, ka gwada intanet ka gwada firinta da sikana, in ba ta yi maka ba ka zare filas komai ya dawo yadda yake. Firintocin HP yawanci da kanta take gane su, wasu samfurin kuma sai an sha wahalar neman direba, shi ya sa nake cewa ka gwada naka da hannunka kafin ka yanke hukunci. Kuma wannan bairos na shotkot don Windows aka ƙera shi, a kan Mint ba ya tashi, za ka ga fayil ɗinsa a fili ka goge.

Amma zan faɗa maka inda take da matsala don kar ka ce ban faɗa ba. LibreOffice, wato madadin Word da ke cikin Mint, tana buɗe fayil ɗin Word amma wani lokacin shafi yakan goce, tebur ya zame ko lambar shafi ta canza, musamman furojek mai shafi tamanin da supabaiza ya riga ya duba. Ka sa fon ɗin Times New Roman da Arial, akwai su a kunshin ttf-mscorefonts-installer, sannan ka saba wa kwastomominka su riƙa zuwa da PDF in bugawa kawai za a yi.

dan_gurafik ya amsa:

Malama Allah ya saka da alheri amma shagon taifin ba aji ba ne, mutumin nan in yana katin biki da kalanda da satifiket to CorelDraw yake amfani da ita kuma ba ta da nau'in Linux, Inkscape da ake dizayin da ita a Linux tana da kyau amma kwastoma zai zo da fayil ɗin cdr na CorelDraw yana tsaye a kanka yana sauri, ba lokacin koyo ba ne.

Ni abin da nake so in ja kunnenka a kai Oga shi ne kirak, don shi ya kwantar da ni ba tsufan Windows ba. Shekaru biyu da suka wuce na sauke wata manhaja ta kirak, shafin ya ce in kashe antibairos kafin in yi instol, na kashe da hannuna, washegari da na kunna kwamfuta duk fayilolina sun sami wani baƙon wutsiya na haruffa huɗu a ƙarshen sunansu, hotunan bikin mutane, dizayin na shekara uku, babu mai buɗewa, sai wata 'yar takarda _readme.txt a kowace folda wai in biya daloli kafin su buɗe min. Irin wannan ana kiransa STOP ko Djvu kuma ta kayan kirak ya fi yaɗuwa. Had dis ɗin da nake ajiya ma yana jone a lokacin shi ma ya tafi. Na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina ba su haƙuri, akwai amaryar da har yau in na tuna ta raina ke ɓaci.

Shawarata ka raba musu aiki. Wadda ke da CorelDraw da Word ka bar ta a Windows 10 amma ka cire ta daga intanet kwata-kwata. Wadda kwastoma ke shiga imel da banki ita ce za ka sa wa Mint tunda burauza kawai ake buƙata, Firefox na ciki kuma Chrome ma tana hawa, duk filas ɗin da ya shigo shago ya fara bi ta kanta. Sannan yaran shago kar su riƙa aiki da akawun ɗin admin, ka buɗe musu na talaka wanda ba ya iya instol sai da fasawod ɗinka. Had dis na ajiya kuwa kana gama kwafi ka zare shi ka jefa a durowa.

mai_shagon_taifin ya sake rubutawa:

Alhamdulillah Injiniya, yarinyar ta zo da la'asar na yi yadda ka ce, duka babi huɗun sun fito, har addu'a ta yi maka ba ta san ka ba. Bairos ɗin kuwa a HP ɗin na same shi, ita yaran suka fi soka wa filas. Na duba winver duk 22H2 ne. Gobe zan gwada Mint a filas kan HP ɗin in ga ko za ta gane firintata. Tambaya ɗaya ta rage, wadda zan cire daga intanet yaya antibairos ɗinta zai riƙa sabuntawa, kuma in na tashi sayen wata wacce zan nema?

injiniya_na_birni ya amsa:

Masha Allah, na ji daɗi wallahi. Defender, antibairos ɗin da ke cikin Windows 10, zai ci gaba da samun bayanan sababbin bairos har Oktoban 2028, kuma ana iya sauke fayil ɗin ofdet ɗinsa daga shafin Microsoft a wata kwamfutar, sunansa mpam-fe.exe, ka kawo shi a filas ɗinka na kanka wanda ba ya fita shago ka danna, ko sau ɗaya a sati ya isa. In za ka saya ka nemi OptiPlex 7060 ko wata mai i5 ta ƙarni na 8 zuwa sama, kuma tun a gaban mai sayarwa ka sa ya kunna, ka rubuta tpm.msc ka ga ta nuna 2.0 kafin ka miƙa kuɗi.