Amana ce ko bashi? Rigimar kuɗin na'urar banki a Tawa

Mai Albasa: Salamu alaikum 'yan uwa, na gaji da haɗiye magana. Sau uku yaron wani kamfani yana karɓar ciniki a shagona, wai zai zuba a na'urar banki. Jika 800 kowane zuwa, miliyan 2 da jika 400 ke nan, kuɗin albasar Galmi. Ko dala ba ta shiga asusuna ba. Resi ɗaya ya kawo, shi ma tawadar ta goge, kwanan wata kaɗai ake gani. Na sami mai kamfanin, ya ce SARL ce, wato kamfanin da bashinsa ba ya bin aljihun mai shi, in kai ƙarar kamfani, gidansa da motarsa ba ruwansu. Mutumin da muke sahu ɗaya a masallaci ya ci amanata!

Malam Ƙarami: Alhaji, janye kalmar amana. A fiƙihun Malikiyya, ajiya in ta salwanta ba da sakaci ba, mai ajiya ba ya biya. Ka ce bashi, shi ne ba ya faɗuwa.

Mai Albasa: Allah gafarta malam, rance na ba shi? Aika na yi.

Malam Ƙarami: To wakilci ne, ba amana ba.

Ɗan Abijan: Wakili ba amintacce ba ne? Malam, yau kuma an juya.

Mushe: Ku saurara. Dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka, ce ke aiki a Nijar. A SARL, mai hannun jari iyakarsa abin da ya zuba. Amma in shi ne manaja kuma ya yi laifi wajen tafiyar da kamfani, ko ya sa hannu ya tsaya wa bashin da kansa, ana iya bin aljihunsa. In ma ba SARL ba ce, rajistar mutum ɗaya ce, har gidan ana taɓawa. Alhaji, ka ga lambar RCCM ɗinsa, wato ta rajistar kasuwanci? Ka nemi banki ya fiddo bayanan na'urar na ranakun?

Ɗan Abijan: Mushe, bar mu da OHADA. Malam ya amsa min tukuna.

Malam Ƙarami: Yaro, a gaban wa ka yi Risala? Ko a tashar Ajame ta Abijan?

Ɗan Abijan: Kuɗin Ajamen ne ya yi rufin makarantarku.

Hajiya Mai Atamfa: Ni dai na san mutumin nan tun yana tallar goro, bai taɓa cin na kowa ba. Yaron ne.

Mai Albasa: Hajiya, ai ɗiyar yayarki yake aure, faɗi gaskiya.

Hajiya Mai Atamfa: Tunda an zo nan, Alhaji, turmi shida na bikin ɗiyarka, amana ce ko bashi?

Ɗan Abijan: Malam, ga fatawa ta samu!

Mushe: Har yanzu ba wanda ya ce ya ga takardar kamfanin.

Shugaban zaure: Ya isa haka, dare ya yi. Abin da aka tsayar: malam ya nuna kalmar amana ba ta dace ba, Hajiya kuma ta shaida mutumin kirki ne, ni ma tare muka yi aikin hajji. Laifin na'ura ne ko na yaron. Alhaji ya yi haƙuri, ya fara da biyan atamfa. Ɗan Abijan, na cire ka sai ka ba malam haƙuri.