Ciwon dajin bututun madaciya a cikin hanta: me takardar binciken nama ke nunawa game da abin da zai biyo baya?

Hadiza ta rubuta:

Assalamu alaikum. Makonni uku ke nan da aka yi wa mahaifinmu tiyata, aka cire ɓangaren hagu na hantarsa saboda wani ƙari da likitoci suka tabbatar ciwon daji ne da ya tsiro daga ƙananan bututun da ruwan madaciya ke bi a cikin hanta. Shekarunsa 63. Jiya aka ba mu takardar binciken naman da aka cire, na kwana ina maimaita karatunta. Ta nuna cewa ƙarin guda ɗaya ne mai faɗin santimita 6, an ga ƙwayoyin ciwon a cikin ƙananan jijiyoyin jini da ke kewaye da shi, an ciro kaluluwa biyu ba a sami komai a cikinsu ba, kuma bakin yankan ya fita babu ciwo, sai dai tazarar milimita 3 ce kawai. Kafin tiyatar, gwajin CA 19-9, wani sinadari a cikin jini da kan hauhawa a irin wannan ciwo, ya kai 210. Ƙanena ya zuba waɗannan bayanai a wani shafin lissafi na intanet, ya fito da adadin hasashen makomar Baba da ya hana mu sukuni. Ina roƙon masu ilimi su gaya mini wanne ne ya fi nauyi a cikin waɗannan abubuwa, kuma ko irin wannan lissafi abin dogaro ne. Baba bai tambayi adadi ba, abin da yake tambaya kullum shi ne yaushe zai koma bakin aikinsa.

Dakta Sani ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Allah Ya ba Baba lafiya. Abu na farko da ya kamata ki riƙe shi ne cewa yawancin masu wannan ciwo ba sa zuwa asibiti a lokacin da tiyata za ta yiwu, domin ciwon yakan girma a cikin hanta shiru ba tare da ciwon shawara ko wani zafi mai tsanani ba, kuma tiyata ita ce hanyar da ake sa ran warkewa da ita. Kasancewar an iya cire na Baba gaba ɗaya babban rabo ne.

Idan muka jera abubuwan da ke takardar bisa nauyinsu, kaluluwa ce ke kan gaba. Idan ciwon ya shiga ko da guda ɗaya daga cikinsu, tsarin AJCC na Amurka da ake raba ciwon daji mataki-mataki da shi, bugu na 8 da aka fara aiki da shi a 2018, yana ɗaga majiyyaci zuwa mataki na IIIB komai ƙanƙantar ƙarin. Na Baba sun fita lafiya, wannan labari ne mai daɗi, amma ina da damuwa guda: wannan tsari yana so a duba aƙalla kaluluwa shida kafin a natsu da cewa babu ciwo a cikinsu, shi kuwa biyu aka duba. Ba ina cewa an yi kuskure ba, domin wani lokaci iyakar abin da ake samu ke nan, amma tabbacin bai kai yadda za a so ba, kuma wannan dalili ne na sa ido sosai.

Na biyu shi ne yawan ƙarin. Guda ɗaya ya fi biyu ko uku sauƙi nesa ba kusa ba, domin yawansu yakan nuna cewa ciwon ya riga ya yi tafiya a cikin hanta. Sai shigar jijiyoyin jini, wadda ita ce ta mayar da ƙarin Baba rukunin T2 a wannan tsari, wato mataki na II, da ba don ita ba da girmansa na sama da santimita 5 ya tsayar da shi a T1b. Bakin yanka mai tsabta, wanda muke rubutawa R0, shi ne burin kowane likitan tiyata, ko da yake an fi son tazara mai faɗi.

Ba zan ɓoye miki ba cewa wannan ciwo yana dawowa ga fiye da rabin waɗanda aka yi wa tiyata, galibi a cikin hanta kuma galibi a shekaru biyu na farko. Saboda haka ne ake ba da ƙwayar kafesitabin, wani maganin ciwon daji da ake sha, na tsawon wata shida bayan tiyata, bisa binciken BILCAP da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2019, kuma ake maimaita hoton CT ko MRI a kai a kai. Ku tambayi likitansa wannan magana tun yanzu, domin ba a son a daɗe ba a fara ba.

Malam Auwal ya amsa:

'Yar'uwa Hadiza, ni ba likita ba ne, aikina lissafin bayanan marasa lafiya ne, saboda haka zan tsaya a kan shafin da ƙanenki ya yi amfani da shi. Irin wannan ma'auni ana kiransa nomogiram. Ana tattara bayanan ɗaruruwan majiyyata da aka riga aka san ƙarshen labarinsu, a ba kowace alama maki gwargwadon tasirinta, a tara makin, a fitar da kaso. Wanda ya fi shahara a kan wannan ciwo an wallafa shi a 2013 daga wani babban asibitin tiyatar hanta da ke Shanghai, ya haɗa da CA 19-9 da wani gwajin jini makamancinsa mai suna CEA da girman ƙari da yawansa da shigar jijiyoyi da kaluluwa.

Aiki ne na gaskiya, kuma a wurare da dama ya fi tsarin matakai kaɗai iya bambance majiyyata. Amma adadin da ya fitar yana magana ne a kan mutum ɗari masu kama da Baba a takarda, ba ya iya nuna a wane ɓangare na ɗarin nan Baba zai faɗa. Ban da haka, mutanen da aka gina shi a kansu an yi musu tiyata ne shekaru masu yawa da suka wuce, kafin magungunan yau, kuma da yawansu masu ɗauke da ciwon hanta nau'in B ne, abin da ba lalle ya dace da kowa ba.

Akwai kuma abin da mutane ke mantawa, wanda ni ya fi ba ni ƙarfin gwiwa: hasashen ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wanda ya cika shekara biyu hotonsa na fita lafiya, damarsa ta gaba ta fi wadda aka lissafa masa ranar da ya fito daga tiyata.

Maryam ta amsa:

Yaya Hadiza, na yi jinyar mahaifiyata da wannan ciwo, saboda haka zan yi magana a kan CA 19-9. Iyakarsa ta lafiya wajen 37 ce, amma yana hauhawa idan bututun madaciya ya toshe ko ya kamu da ƙwayoyin cuta, ko da ciwon bai ƙaru ba. Na tuna ranar da na Mama ya yi tsalle, idanunta sun yi rawaya, tana sosa hannuwanta har suna fitar da jini, muka ɗauka ƙarshe ya zo. Da aka sa mata ɗan bututu ruwan ya sami hanya, sai adadin ya sauko ƙwarai cikin makonni. Likitanta ya kuma gaya mana cewa akwai mutanen da jikinsu ba ya yin wannan sinadari sam. Abin da zai amfane ku shi ne a sake gwajin yanzu bayan tiyata, a ga ko ya koma daidai.

Ina kuma ba ki shawara ku nemi a adana naman da aka cire domin gwajin ƙwayoyin halitta. Wasu masu wannan ciwo suna da sauyi a ƙwayar halittar da ake kira FGFR2 ko IDH1, kuma akwai magunguna na musamman da Amurka ta amince da su a 2020 da 2021 saboda su. Mu ba mu san da wannan ba sai a makare, kuma har yau yana damuna.

Hadiza ta sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Malama Maryam, Allah Ya ba ki ladan jinya. Ranar Talata za mu koma asibiti, na rubuta tambayoyina a bayan takardar: maganar kaluluwa biyu, lokacin fara kafesitabin, sake gwajin CA 19-9, da adana naman. Dakta Sani, idan aka fara ƙwayar, shin Baba zai iya komawa aiki yana shan ta, ko sai ya kammala wata shidan?