Criterion a bayanan kwangilar gwamnati: sharaɗi ko ma'auni?

Masu fassara da 'yan kwamfuta, ga wata kalma da ya kamata mu tsayar: criterion. Tana yawan fitowa a ontolojin sayayyar gwamnati na Tarayyar Turai, wato tsarin da ke koya wa kwamfuta mene ne kwangila, wane ne ɗan kwangila, da abin da ya haɗa su.

Da yawanmu za mu ce sharaɗi kawai mu wuce. Ni ban gamsu ba.

Dokar sayayya ta Tarayyar Turai ta 2014 ta kasa abin gida uku: abin da ke hana kamfani shiga takara, kamar hukuncin cin hanci ko ƙin biyan haraji, abin da ke nuna ya cancanta, kamar ƙarfin jari da gogewa, sai abin da ake duba wajen zaɓen wanda za a ba aikin. Na ukun nan maki ake ba shi. A ce farashi 60, inganci 40. Sharaɗi kuwa ba ya ɗaukar maki, ko ka cika shi ko ba ka cika ba.

A kundin kalmomin CCCEV, wanda Tarayyar Turai ta tsara don bayyana criterion da shaidarsa, ma haka suka raba. Requirement ne uba, criterion ɗansa ne, wato wani nau'i daga cikinsa, kuma criterion ɗin aka ba gurbin nauyi, wato maki. Shi ya sa nake ganin sharaɗi ya tsaya wa uban, ma'auni ya tsaya wa ɗan. Abin da ake kawowa don tabbatarwa kuma, shaida.

Wani zai ce ina awo a hana shiga, ai e ne ko a'a? Mudu ma ma'auni ne, amma mai awo cika ko rashin cika yake dubawa.

Ƙa'ida fa? A bar wa doka abarta. In mun cinye ta a nan, za mu rasa sunan sashen dokar da ma'aunin ya dogara da shi.

Mu gwada a gida Najeriya, ƙarƙashin dokar sayayya ta 2007 da BPP, hukumar sa ido kan sayayyar gwamnati, ke kula da ita. Biyan haraji ma'aunin cancanta ne, takardar haraji ta shekara uku kuma shaidarsa ce. Kwamfuta na buƙatar gurbi biyu a nan, don takarda tana ƙarewa a sabunta ta, ma'aunin na nan yadda yake.

Saboda haka: ma'aunin hana shiga, ma'aunin cancanta, ma'aunin ba da kwangila. 'Yan'uwa na Nijar, ku da kuke fama da critère na Faransanci, ma'auni ya zauna muku a baki, ko mizani kuka fi ji?